Daga ina hadari ke tasowa? Tambayoyi da amsoshi kan iska, damina da hunturu

Waɗannan tambayoyi ne da suke ta maimaituwa a bakin ɗaliban labarin ƙasa, da manoma masu jiran ruwan shuka, da matafiyan da hazo ya hana jirginsu tashi. An jera su daga masu sauƙi zuwa masu zurfi. Inda wata amsa ta jingina da wata, an ambaci lambarta don mai karatu ya koma can.

1. Me ke sa iska ta kaɗa?

Iska tana da nauyi, ko da yake ba ma jinsa don a cikinta aka haife mu. A bakin teku, iskar da ke bisa fili mai faɗin farcen babban yatsa ta kai nauyin kusan kilo 1. Wannan dannawar da take yi wa ƙasa ita ake kira matsin iska, kuma matsakaicinsa a bakin teku miliba 1013 ne.

Rana ba ta gasa ƙasa daidai wa daida. Inda ƙasa ta yi zafi, iskar da ke kanta takan buɗe, ta yi sauƙi, ta tashi sama, sai matsi ya ragu a wurin. Inda iska ta yi sanyi, takan yi nauyi ta sauko, matsi ya ƙaru. Daga nan iska ta kama hanya daga wurin da matsi ya yi yawa zuwa wurin da ya yi ƙaranci, kamar yadda ruwa ke barin tudu ya nufi kwari. Abin riƙewa shi ne: iska mai hawa sama tana hucewa, kusan digiri 10 a kowace kilomita, har tururin da ke cikinta ya zama gajimare. Iska mai saukowa kuwa ɗumama take yi, ta shanye gajimaren. Shi ya sa yankin ƙarancin matsi yake tafe da hadari, yankin yawan matsi kuma da sarari fes.

2. In haka ne, me ya sa iska ba ta miƙewa kai tsaye daga wannan yanki zuwa wancan?

Saboda ƙasar da take bi ta kai ba a tsaye take ba. Duniya tana juyawa daga yamma zuwa gabas sau ɗaya a awa 24. Wanda ke zaune a kan layin ikwaita, wato layin da ya raba duniya biyu arewa da kudu, yana gudun kusan kilomita 1,670 a awa bai sani ba, na Landan kusan 1,040, wanda ke ƙuryar arewacin duniya kuwa a wuri guda yake juyi. Iskar da ta baro ikwaita ta nufi arewa tana ɗauke da saurinta na asali, sai ta riƙa tsere wa ƙasar da ke ƙarƙashinta, ta karkata dama. A kudancin duniya hagu take karkata. Wani Bafaranshe, Gaspard-Gustave de Coriolis, ya fitar da lissafin wannan a 1835, kuma da sunansa ake kiran abin.

Sakamakon haka, a arewacin duniya iska kewaya yankin ƙarancin matsi take yi tana barinsa a hagunta, kamar yadda mai ɗawafi ke barin Ka'aba a hagu. A kudanci akasin haka ne. Wannan karkata ba ta da ƙarfi ko kaɗan a kan ikwaita, batun da zai dawo a amsa ta 12. Ba ta kuma aiki a kan ƙananan abubuwa: 'yar guguwar da ke tashi a filin kasuwa da rani tana iya juyawa ta kowane ɓangare.

3. Waɗanne ne manyan iskokin duniya?

A kusa da ikwaita iska mai zafi da laima tana hawa sama, ta zubar da ruwanta a dazuzzukan Kongo da Amazon da Indonisiya. In ta kai can sama sai ta rabu biyu, wata arewa wata kudu, ta je ta sauko a wajajen digiri 30 daga ikwaita, busasshiya. Ku duba taswira: Sahara, hamadar Larabawa, Kalahari da tsakiyar Ostireliya duk a ƙarƙashin wannan saukowa suke. Daga can iskar ta komo ikwaita ta ƙasa-ƙasa, kuma saboda karkatar da aka yi bayani a amsa ta 2, a wajenmu daga arewa maso gabas take zuwa. Ita ce iskar fatake. George Hadley na Ingila ya fara bayanin wannan zagaye a 1735.

Tsakanin digiri 30 da 60 iskar yamma ce ke mulki, ita ke kai wa Turai ruwa daga Tekun Atlantika. Gaba da nan sai iskar ƙanƙara mai fitowa daga ƙuryoyin duniya. Jiragen ruwa masu filafilai sun dogara da wannan tsari ɗaruruwan shekaru. Columbus ya bi iskar fatake daga tsibiran Kanari a 1492, ya komo da iskar yamma. Jiragen cinikin bayi ma da suka kwashe mutane daga gaɓar Afirka ta Yamma, wannan iskar ce ta tura su.

4. Me ke kawo mana damina da rani?

Iska biyu ne ke ja-in-ja a kanmu shekara da shekaru. Ɗaya ita ce ta arewa maso gabas, wadda ta ratso Sahara, ba ɗigon laima a jikinta. Ɗayar tana tasowa daga kudancin Atlantika, ta tsallako ikwaita, ta karkata dama ta zama iskar kudu maso yamma, ɗauke da tururin teku. Inda suka haɗu akwai wani layi da ya ratsa Afirka ta Yamma daga gabas zuwa yamma, mu kira shi mahaɗar iska biyu.

Layin ba ya zama wuri guda. Duniya a karkace take da digiri 23 da rabi, don haka wurin da rana ke tsayawa tsaka yana tafiya arewa da kudu a cikin shekara, mahaɗar kuma tana bin sa a baya. A Janairu tana can kusa da bakin teku, wajajen Legas, ƙasar Hausa kaf tana hannun iskar hamada. Daga Maris ta fara hawowa: ta wuce Abuja, ta wuce Zariya, Kano, Maraɗi, Damagaram, har a watan Agusta ta kai wajajen digiri 20, arewa da Agadas. Abin da ke jawo ta shi ne tsananin zafin tsakiyar Sahara, wanda ke haifar da babban yankin ƙarancin matsi. Daga Satumba ta juya, kuma komawarta ta fi zuwanta sauri. Wannan ne dalilin da damina ke shigowa da jan ƙafa amma ta ɗauke kusan lokaci guda, kuma shi ya sa manomin Kaduna yake riga na Katsina shuka, na Katsina ya riga na Tanut.

5. In mahaɗar tana wuce Agadas, me ya sa ba a samun ruwa sosai a can?

Domin ba a kan layin ruwa ke zuba ba, a bayansa ne. Iskar teku shiga take yi ƙarƙashin iskar hamada kamar bakin gatari: siririya a gaba, mai kauri a baya. A kusa da layin kaurinta bai isa ya gina gajimaren ruwa ba, sai dai mutum ya ji laima da zufa. Sai an koma kudu da ɗaruruwan kilomita ake samun kaurin da zai haifar da hadari. Don haka a Agusta, lokacin da layin ke can cikin hamada, Kano da Sakkwato da Yamai ne ke cikin marka.

Can kudu kuma wani abu ne daban yake faruwa. Yankin ruwan ya yi musu nisa zuwa arewa, ruwan tekun bakin gaɓa ya huce, sai Legas da Ibadan da Akara su samu ɗan tsaiko na makonni a ƙarshen Yuli zuwa Agusta. Wani lokaci kuma layin yakan zarce inda ya saba. A 2024 haka aka yi: ruwa ya sauka a sassan Sahara da suka daɗe ba su ga irinsa ba, tsohon masallacin Birni na Damagaram ya rushe a farkon Satumba, kuma kwanaki kaɗan bayan nan madatsar Alau ta ɓalle ruwa ya mamaye Maiduguri.

6. Laima daga kudu maso yamma take zuwa, to me ya sa hadarinmu daga gabas yake tasowa?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace daɗin amsawa, domin kowane yaro a ƙasar Hausa ya san gabas ake kallo in ana duban hadari. Amsar tana sama. Iskar teku da aka ambata a amsa ta 4 a ƙasa-ƙasa take, kaurinta kilomita ɗaya zuwa biyu. A samanta, wajen kilomita 3 zuwa 4, akwai wata iska mai ƙarfi da ke gudu daga gabas zuwa yamma, wadda bambancin zafin Sahara da sanyin gaɓar teku ke haifarwa. Iskar ƙasa ita ke kawo cefane, ta sama ita ke tuƙa motar.

Hadarin yakan fara ne da rana tsaka zuwa la'asar a kan tuddai: duwatsun Darfur, tsaunukan Ayar, tudun Jos, tsaunukan Kamaru. Gajimaren ya yi toroƙo har ya haura kilomita 12, sannan su jeru su zama dogon layi mai ɗaruruwan kilomita, su nufi yamma da gudun kusan kilomita 50 a awa. Ruwan da ke zubowa daga cikinsu yana ratsa busasshiyar iska, wani sashensa ya ƙafe, iskar ta yi sanyi ta faɗo ƙasa da nauyi, ta bazu gaba. Ita ce iskar nan mai sanyi da ƙura da ke riga ruwa isowa, wadda ke sa a ruga kwashe shanya, ita ce kuma ke yaye kwanon rufi. Aikinta bai tsaya nan ba: tana cusa kai ƙarƙashin iska mai zafi da ke gabanta, ta ɗaga ta sama, sabon gajimare ya haihu. Da haka hadari ke sabunta kansa yana tafiya, har wanda ya tashi a Chadi da yamma ya kwana yana tafiya ya iske Kano da asuba.

Tsarin saukarsa ma sananne ne: iska, sai ruwa kamar da bakin ƙwarya na rabin awa ko awa guda, sai yayyafi mai tsawo da tsawa daga nesa. Mafi yawan ruwan da ke sauka a Sahel irin waɗannan hadurra ne ke kawo shi, kuma ba su da yawa a shekara. In uku ko huɗu suka kauce wa gari a lokacin da gero ke fitar da kai, an shiga uku, alhali ƙauyen da ke kilomita 30 kudu ya sha ruwa. A Sudan, bangon ƙurar da ke gaban irin wannan hadari shi ake kira habub.

7. Daga ina ƙurar hunturu take zuwa, kuma me ya sa takan yi kwanaki ta lafa ta dawo?

Babban tushenta shi ne kwarin Bodele a arewacin Chadi, busasshen gindin wani tafki da ya ninka Tafkin Chadi na yau sau da yawa dubban shekaru da suka wuce. Ƙasar wurin fara ce, mai laushi kamar garin alabo, ragowar ƙananan halittun ruwa. Iskar arewa maso gabas tana matsewa tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi, ta fito da ƙarfi, ta kwashe garin. Kwana ɗaya zuwa biyu ya iso Maiduguri da Kano, wani kuma ya tsallake Atlantika har dajin Amazon.

Zuwanta kashi-kashi yana da alaƙa da abin da ke faruwa a Bahar Rum. Duk lokacin da hadarin hunturun can ya wuce, iska mai sanyi takan kwararo kan Libiya da Masar, matsi ya ƙaru, iskar da ke nufo mu ta ƙara ƙarfi. Bayan 'yan kwanaki sai mu wayi gari da hazo da jaura. Sanyin dare kuwa rashin laima ne ke jawo shi: babu tururi ko gajimaren da zai riƙe zafin da ƙasa ta tara da rana. Wannan bushewa da ƙura suna raunana hanci da maƙogwaro, kuma a wannan zango ne har zuwa bazara sanƙarau ya fi yaɗuwa.

8. Me ya sa bazara ta fi kowane lokaci zafi?

Rana tana tsayawa tsaka a kan Kano wajajen 21 ga Afrilu, ƙasa a bushe, babu gajimaren da zai tare ta. Ta sake tsayawa a Agusta, amma a lokacin gajimare da danshin ƙasa sun shanye zafin. Dare kuma yakan yi tsanani da zarar bakin iskar teku ya iso (amsa ta 5), don laima tana riƙe zafi, tana kuma hana zufa bushewa.

9. Mece ce dagar iska da ake gani a taswirar yanayin Turai da Amurka?

In iska ta daɗe a kan wani yanki takan ɗauki halinsa: ta kan Kanada ko Saiberiya sanyi da bushewa, ta kan teku mai ɗumi laima. In irin waɗannan biyu suka haɗu ba sa gaurayuwa nan take, sai su ja daga. Masana a birnin Bergen na Norway, ƙarƙashin Vilhelm Bjerknes da ɗansa Jacob, su suka fito da wannan fahimta wajajen 1919, kuma da yake Yaƙin Duniya na Ɗaya bai daɗe da ƙarewa ba, sai suka ara wa abin sunan fagen daga.

In iska mai sanyi ce ke kai hari, takan kutsa ƙarƙashin mai ɗumi ta cilla ta sama da sauri: ruwa mai ƙarfi na ɗan lokaci, tsawa, sannan gari ya washe da sanyi. A taswira shuɗin layi ne mai haƙora. In mai ɗumi ce ke matsowa, hawa take yi a hankali bisa mai sanyi, sai a fara ganin siraran gajimare tun tana nesa da ɗaruruwan kilomita, daga baya yayyafi ya wuni yana zuba. Wannan jan layi ne mai rabin da'irori. Dagar sanyi ta fi sauri, don haka takan cim ma ta ɗumi ta ɗage iskar ɗumin gaba ɗaya daga ƙasa, daga nan hadarin ya fara mutuwa. Irin waɗannan ne iskar yamma ke jerowa zuwa Birtaniya ɗaya bayan ɗaya, shi ya sa mutanen can ba sa rabuwa da laimar tare ruwa a hannu. A tsakiyar Amurka kuwa, inda babu tsaunin da ya raba iskar Kanada da ta Tekun Meksiko, karon yakan haifar da guguwa mai murɗawa, wadda a faɗin ƙasar ake samun fiye da 1,000 a shekara.

10. Mu ma muna da irin wannan daga?

Ba irin ta littafi ba, kuma nan ne ɗalibai da yawa ke ruɗewa, don littattafan da aka rubuta don Turai suna sa mutum ya ɗauka kowane ruwa daga ce ke kawo shi. Dagar Turai bambancin zafi da sanyi ce. Mahaɗarmu ta amsa ta 4 bambancin laima da bushewa ce, kuma ba a kanta ruwan yake sauka ba. Abin da ya fi kama da dagar sanyi a wajenmu shi ne iskar gaban hadari ta amsa ta 6. Daga ta gaskiya tana taɓa Maroko, Aljeriya, Masar da Saudiyya da hunturu. Ambaliyar Jidda ta Nuwamba 2009, wadda ta zo daidai da fara aikin Hajji, a irin wannan lokaci ta faru.

11. Mene ne kogin iska?

Wata siririyar hanya ce a sama, kilomita 9 zuwa 12, inda iska ke gudu daga yamma zuwa gabas, sau da yawa fiye da kilomita 200 a awa. A kan iyakar iskar sanyi da ta ɗumi take, kuma ita ke ja wa hadurran amsa ta 9 gora. In ta miƙe, yanayi yana saurin canzawa. In ta yi lanƙwasa ta tsaya, wani yanki ya yi makonni cikin zafi, maƙwabcinsa cikin ambaliya. Ita ce ta sa jirgin New York zuwa Landan ya fi na komawa sauri da kusan awa guda.

12. Me ya sa mahaukaciyar guguwar teku ba ta faɗa wa Najeriya?

Tana buƙatar ruwan teku mai ɗumin kusan digiri 26 da rabi, da kuma karkatar Coriolis da za ta sa ta juyi. Gaɓar Najeriya tana tsakanin digiri 4 da 6 ne daga ikwaita, inda karkatar ba ta da ƙarfi (amsa ta 2), iskar sama kuma yamma take tura komai, nesa da mu.

Abin mamaki shi ne da yawansu a kanmu ake haifarsu. Iskar gabas ta amsa ta 6 tana tafiya ne tana lanƙwasa, duk kwana 3 zuwa 5 wata lanƙwasa ta wuce da tarin hadari. In ta fita teku ta wajen Senegal da tsibiran Kef Bad a Agusta ko Satumba, tana iya girma. Mafi yawan manyan guguwoyin Atlantika daga nan suke, har da Irma da ta ragargaza tsibiran Karibiyan da Florida a 2017. A gabashin Afirka kuwa suna sauka kai tsaye, kamar Idai da ta afka wa birnin Beira na Mozambik a Maris 2019.

13. Me ke kawo fari, kuma ina ruwan El Nino da mu?

Duk bayan shekara 2 zuwa 7 iskar fatake takan yi rauni a Tekun Pasifik, ruwa mai ɗumi ya koma gabas wajen Peru, wuraren da iska ke hawa da sauka a duniya su gusa. Shi ne El Nino. Sau da yawa yana rage daminar Sahel, amma ba kullum ba, don Atlantika da Tekun Indiya ma suna da ta cewa.

Farin 1972 zuwa 1973 da na 1983 zuwa 1984 sun kashe dabbobi ba adadi, sun tayar da ƙauyuka, Tafkin Chadi ya ƙanƙance daga kusan murabba'in kilomita 25,000 zuwa ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. A Nijar, yunwar tana cikin dalilan da sojoji suka bayar da Seyni Kountché ya kifar da Diori Hamani a Afrilu 1974. An daɗe ana ɗora laifin a kan makiyaya da masu saran itace. Bincike daga baya ya nuna babban dalilin yana teku: arewacin Atlantika ya huce idan aka gwada da kudancinsa, sai iskar damina ta kasa hawowa yadda ta saba. Sare daji yana da illarsa, amma a ganina an zalunci Bafulatani da aka ɗora masa farin nahiya guda.

14. Yaya ake hasashen yanayi, kuma har ina za a yarda da shi?

Ana tattara awo daga tashoshin ƙasa, da balan-balan da ake saki sama, da jirage, da taurarin ɗan'adam irin Meteosat da ke tsaye kilomita kusan 36,000 bisa mashigin tekun Gini. Kwamfuta ta ɗauki wannan ta lissafa yadda iska za ta motsa. A Najeriya hukumar NiMet ce ke da wannan aiki, kuma a farkon kowace shekara tana fitar da hasashen lokacin farawar damina da ɗaukewarta jiha-jiha. A Yamai akwai cibiyar AGRHYMET, wadda aka kafa a 1974 sakamakon farin da aka ambata a amsa ta 13.

Edward Lorenz ya nuna a 1963 cewa ɗan kuskure a awon farko yana girma har ya lalata lissafin, shi ya sa hasashen rana-rana ba ya wuce kusan mako biyu. A wajenmu ma bai kai haka ba. Dagar Turai faɗinta ya kai kilomita 1,000, ana hango ta tun da kwanaki. Hadarinmu kuwa yakan haihu cikin awa biyu, tashoshin awo kuma sun yi ƙaranci. Don haka hasashen zuwan hazo da na zafi ya fi na ruwa inganci. In manhajar waya ta ce kashi 60 cikin 100, ma'anarta a irin wannan rana sau 6 cikin 10 akan samu ruwa a yankin, ba wai lallai a gonarka ba. Mai niyyar yin binne ko shuka da ruwan farko gara ya duba hasashen tsaikon ruwa na makonnin gaba, don sau da yawa ruwan Mayu bakin gatarin nan ne na amsa ta 5, kaurin yana baya da sati biyu ko uku.